Kalma Ɗaya, Rabo Uku: Aikatau na Faransanci a Kunnen Bahaushe

Kalmar Faransanci *finissions*, wadda ke zuwa a cikin *nous finissions*, wato "muna gamawa" a lokacin da ya shuɗe, ta isa misali a kan wani rauni da ke cikin yadda ake koyar da aikatau na wannan harshe ga ɗaliban Hausa. Ana raba kalmar ta hanyoyi uku, kuma babu biyu da suka dace da juna.

A rubuce, ana yanka ta *fi-nis-sions*. A furuci kuwa gaɓoɓinta su ne *fi-ni-syon*, da baƙin /s/ guda ɗaya, da wasalin hanci a ƙarshe, harafin *s* na ƙarshe kuma ba a furta shi. A ƙirar kalma sassanta huɗu ne: saiwa *fin-*, sai *-iss-* mai nuna rukunin aikatau, sai *-i-* mai nuna lokaci, sai *-ons* mai nuna "mu".

Ɗalibi Bahaushe ya saba da rubutun da ke bin furuci. Ya san cewa ninkin baƙi shi ke bambanta *baba* da *babba*, don haka idan ya ga *ss* sai ya ninka shi. Alhali Faransanci ya rubuta *ss* ne domin kada a karanta /z/ tsakanin wasula biyu. Haka kuma gaɓar Hausa ba ta wuce siga uku: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Wannan ne ke sa ɗalibin ya cusa wasali, *syon* ta koma *siyon*, gaɓa uku su zama huɗu.

Kuskure ne a fara da haddar jadawalin rubutu. Kamata ya yi a fara da kunne, domin a nan Hausa ke ba ɗalibi fifiko. A *ina magana*, *kana magana*, *suna magana*, wakilin suna ne ke canzawa. Faransancin baka ma haka yake a wurare da dama: *je parle*, *tu parles* da *ils parlent* furucin aikatau ɗinsu ɗaya ne, gaɓa guda, duk da bambancin ɗafa-ƙeyarsu a takarda. Wanda aka nuna wa wannan kamanci tun farko zai gane cewa wasu ɗafe-ɗafen na ido ne kawai.

Aikin yana wuyan manazarta Hausa, domin su suka san inda harshen ɗalibi zai yi tuntuɓe. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci kuma ya zama harshen aiki. Ɗaliban Maraɗi da Damagaram za su ci gaba da buƙatar harsunan biyu, kuma sun cancanci littafin nahawun Faransanci da aka rubuta da Hausa, wanda ya ware gaɓar rubutu da gaɓar furuci da sassan ƙirar kalma, kowanne a babinsa.