FILIN 'YAN MATA: Baƙin Mai Ba Ƙazanta Ba Ne

Yau da ƙorafi na zo, kuma ni kaina ina cikin masu laifin.

Makon jiya na je biki Rogo. Ana tsakar kamu sai na nemi ƙanwata, 'yar Baffana, na rasa. Can na same ta a ƙuryar ɗakin Inna ta haɗa kai da gwiwa tana ta sharɓar kuka. Na ce, "Ke lafiya?" Ta ce, "Yaya, wallahi na fasa. Ƙawayena sai tsokanata suke, wai amaryar bakanike. Ran nan fa da baƙin mai a farcensa ya zo zance, ko gaisawa ba mu gama ba aka bugo masa waya, ya miƙe wai inji ya tsaya."

Jikina ya yi sanyi. Don kuwa mu marubuta mu muka koya muku haka. Duk littafin da na rubuta, saurayin ɗan Alhaji ne, ga Marsandi, ga ofis mai sanyi, ga ƙamshin turare. Ban taɓa rubuta saurayin da ke riƙe da sifana ba.

Yaron nan ɗan Karaye ne, injiniya ne a wata masana'anta da ke Challawa cikin Kano. Har yakan yi barkwanci wai ruwan garinsu ya biyo, tun da madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Karaye take, kogin kuma ya gangara har ya wuce ta gefen kamfanonin. Da ya zo ɗaukar ƙannensa da yamma, na tare shi a soro na ce, "Malam, don Allah wai mene ne aikin naka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Anti, mutane sun ɗauka gyara ne aikina. Aikina shi ne kada a kai ga gyaran." Ya ce kullum da safe sai ya zagaya injinan ɗaya bayan ɗaya, yana saurare, yana taɓawa. Boris in ya fara cinyewa, ƙararsa takan canza, jikinsa ya ɗau zafi, tun kafin ya watse. Kowane inji da littafinsa: ranar da aka sa masa giris, ranar da aka juye baƙin mai, ranar da za a canza bel, da lokacin da za a kwance shi gaba ɗaya a yi masa garambawul. In aka ɗauke wuta, janareta ma a wuyansa yake. Ya ce, "In inji ɗaya ya tsaya, duk layin ya tsaya. Masu aikin kwana sai a sallame su, wani kuma da kuɗin ranar zai auno wa iyalinsa masara. Shi ya sa na tashi ran nan, ba raini ba ne."

'Yan uwa, ku da ke Rogo da Karaye kun fi kowa sani. Ranar da injin niƙan unguwa ya lalace, wa ke komawa turmi? Mu ne. Ranar da injin ban ruwa ya ƙi tashi, tumatirin wa ke bushewa? Na iyayenmu.

Na koma na ce wa ƙanwata, "Ba zan ce lallai ki aure shi ba, so ba a yi masa dole. Amma ki ƙi shi don halinsa in kin ga aibi, kada ki ƙi shi don farcensa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa wannan sana'arsa ke nan, neman tsaga tun tana ƙarama. Mutumin da ke jin canjin muryar ƙarfe, kya rasa mai lura da ke ranar da taki ta canza?"

Ta yi shiru tana wasa da gefen gyalenta. Baffa dai ya ba ta zuwa bayan Sallah ta faɗi matsayarta. Ni kuma na ɗau alƙawari, jarumin littafina na gaba da rigar aiki zai fito.

Ku me kuka gani? Ina jiran wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.