Ƙanjamau Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Masu binciken ƙwayoyin halitta sun bi sawun ƙwayar cutar HIV kamar yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓace, har suka kai Kinshasa ta wajajen 1920, inda jirgin ƙasa da na ruwa suka yi ta watsa ta. Daga nan ta rarrabu zuwa nau'o'i daban-daban. Nau'in B ya bi ta Haiti ya shiga Amurka da Turai. Nau'in C ya mamaye kudancin Afirka, Habasha da Indiya, kuma shi ne ya fi kowanne yawa a duniya. Mu kuwa a Nijeriya da maƙwabta, nau'in G da wani gauraye mai suna CRF02_AG, wanda aka fara gano shi a samfurin Ibadan, su ne suka fi yawa. Ga kuma HIV-2 ta Afirka ta Yamma, wadda magungunan nevirapine da efavirenz ba sa yi mata komai. Abin haushi, yawancin binciken farko na magani da rigakafi a kan nau'in B aka gina shi, nau'in da ba shi ne ya fi addabar mu ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 na ɗauke da cutar a Nijeriya. Ya kamata gwamnati ta zuba kuɗinta a ɗakunan gwajinmu, a riƙa tantance irin ƙwayar da ke yawo a Kano, Jos da Maiduguri tun kafin ta bijire wa magani.