A Ɗinka Raƙumin, A Bar Mayen Ƙarfen



Makon jiya wani ƙanena tela, mai shago a nan Sabon Birni, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba wanga abu." Bidiyo ne na wata 'yar tsana mai laushi, siffar zomo, an cusa mata auduga. Yaro ya fizge kunne, ya cire ƙafa, da ya kusantar da su jikinta sai ka ji ƙas, sun koma sun manne. A kowace gaɓa an ɓoye ɗan mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. Ƙanen nawa yana so ya ɗinka irinta da ragowar yadi kafin Sallah, amma shi raƙumi da doki zai yi. Na ce masa raƙumin dai ya ɗinka, mayen ƙarfen kuwa ya bar shi. Ga dalilina.

Dabarar kanta ba ta da laifi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir ya san yaro bai son abin wasan da ba a kwance shi. Mun ƙera motar kara mun wargaza ta mun sake ƙerawa. Mun gina shanu da laka a bakin gulbi. Ƙannenmu mata sun yi wa 'yar tsanar kara kitso sun tsefe, sun ɗaura mata zane sun kwance. A wurin kwancewa da haɗawa nan hannun yaro yake koyon aiki. Saboda haka raƙumin da ake cire masa kaya a mayar, ko dokin da ake ɗaura wa sirdi, abu ne mai kyau, kuma sana'a ce ga telolinmu.

Matsalar tana ga irin mayen ƙarfen. Wanda muka sani muna yara shi ne baƙin nan da muke ɓallowa daga lasifikar matacciyar rediyo, mu ja shi cikin rairayi yana kwaso garin ƙarfe. Wannan babba ne, bai haɗiyuwa. Wanda zai riƙe ƙafar 'yar tsana ta cikin yadi da auduga kuwa dole ya zama ƙarami mai ƙarfin gaske. Irinsa ake kira niyodimiyam, wani bai fi ƙwayar magani girma ba, fari ne mai sheƙi kamar alawa. Ɗinki kuwa yana saki. Ana wanki, ana ja-in-ja tsakanin yara, mai fitar da haƙora yana tauna.

Idan yaro ya haɗiye guda ɗaya, sau da yawa yakan fita da bayan gida. Idan biyu ne, ko ɗaya tare da wani ƙarfe, labari ya canza. Kowanne yana wani lungu na hanji, sai su jawo juna su matse naman da ke tsakaninsu. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, hanji ya huje. Abin da iyaye za su gani shi ne amai da ciwon ciki, wani lokaci da zazzaɓi. Ku gaya mini, wace uwa ce a Gatawa ko Isa za ta ga haka ta kawo mayen ƙarfe a ranta? Zazzaɓin cizon sauro ko taifod za a ce, a tafi kemis a sayo magani. Hoton ciki ne ke nuna shi, kuma in ya riga ya yi ɓarna sai tiyata.

Wannan ya faru a ƙasashen da suka fi mu asibitoci. A Amurka, a 2005, wani yaro ɗan wata 20 ya rasu bayan ya haɗiye ƙananan mayen ƙarfe da suka zubo daga wani kayan wasa mai suna Magnetix. A 2006 aka yi shelar janye miliyoyin kayan. A watan Agustan 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasa kusan miliyan 18 a faɗin duniya saboda irin wannan haɗari. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin yaron nan shi ne, kayan wasan ba nasa ba ne, na yayansa ne.

To wannan shi ne halin kowane gida namu. A can suna rubuta wa a kwali cewa kada a ba yaron da bai kai shekara 3 ba. A gidan da ke da yara goma sha a tsakar gida ɗaya, wannan rubutu bai da aiki. Ka saya wa 'yar shekara 7, kafin la'asar yana hannun ɗan shekara 4, kafin magariba yana bakin mai rarrafe. Yarinyar da aka saya wa ma ita ce ke goye da jaririn. Don haka wanda zai ɗinka wa yaranmu abin wasa, ya auna shi da mafi ƙanƙantar yaro a gidan.

Wani zai ce ai ana iya rufe mayen ƙarfen cikin roba a ninka ɗinki. Gaskiya ne, manyan kamfanoni haka suke yi, sannan su kai ɗakin gwaji a ja, a murɗa, a jefar. Telanmu bai da wannan ɗakin, kuma Mattel da ke da shi ma abin ya kuɓuce masa. Kayan wasan da ke shigo mana ta kasuwannin kan iyaka da dilar gwanjo kuwa, yawanci ko kwali babu, balle a san ko hukumar SON ta taɓa ganinsu.

Wani kuma zai ce, "Malam, muna fama da 'yan bindiga, kai kana zancen 'yar tsana?" Halin da muke ciki ne ma ya sa nake zancen. Yaron da hanjinsa ya huje da dare, babban asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo yana Sakkwato, tafiyar sa'o'i, a hanyar da mun san yadda take bayan faɗuwar rana. Ciwon da wani wuri ake tarewa cikin awa ɗaya, a nan yana iya kwana. Sannan yaranmu, har da waɗanda aka yi gudun hijira da su zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan Maraɗi, suna buƙatar abin wasa mai laushi da za su rungume. Na fi son in gan su da raƙumin ƙyalle a kan in gan su da bindigar roba.

Ga abin da muka tsayar ni da ƙanena, kuma shi nake ba sauran teloli shawara. Gaɓoɓi su haɗu da madauki da ƙullin ƙyalle, ko da abin mannewar nan na takalman yara mai ƙara in an ɓare shi. Ido da hanci a yi su da zare, ban da dutsen ado da ƙananan maɓallai. Duk guntun da ake cirewa ya fi ƙarfin bakin yaro, kamar girman dunƙulen hannun babba. A ninka ɗinki, a ja da ƙarfi kafin a sayar.

Iyaye kuma, in an kawo tsarabar Sallah, ku goga allura a jikin abin wasan. In ya kama, ku ajiye shi nesa. In kuna zargin yaro ya haɗiye mayen ƙarfe, kada a jira alama, kada a tsaya kemis, a nufi asibiti a faɗa wa likita abin da ake zargi.

Raƙumin farko ya fito jiya, da ƙullin ƙyalle a kowace ƙafa. 'Yar autar gidanmu ta kwana tana tauna masa wuya, mu kuma mun yi barcinmu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.