Shahada Ba Ta Rufe Shari'a

A wani zaman makoki a Tudun Wada na ji wani matashi ya yanke hukunci cewa mamacin shahidi ne. Dattijon da ke gefensa ya dafa shi ya ce, "Ɗana, ce muna yi masa fatan shahada. Zuciya Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta." Dattijon nan ya yi gaskiya. Imamu Bukhari babi guda ya ware a kan kada a ce wane shahidi ne, kuma a Sahihu Muslim an ba da labarin mutumin da aka kashe a fagen fama, amma ya tashi a tutar babu, domin don a kira shi jarumi ya fita.

Shahada da shaida tushensu ɗaya a Larabci. Shahidi shi ne wanda ransa ya zama shaidar gaskiyar da ya riƙe. Kuma ƙofar tana da faɗi: wanda ruwa ya ci, wanda gini ya danne, matar da ta rasu wajen haihuwa, duk hadisi ya ambace su.

Wanda ba ya ciki shi ne mai ɗaura bam ya shiga taro. Mutanen Kaduna ba su manta da 23 ga Yulin 2014 ba, cikin azumi, ranar da aka kai wa Sheikh Dahiru Bauchi hari bayan rufe tafsiri a Dandalin Murtala, aka kuma kai wa Janar Buhari a Kawo. Talakawa ne suka mutu. Ina jinjina wa Bahaushe da bai taɓa yarda ya ba wannan aiki sunan shahada ba. Ƙunar baƙin wake ya kira shi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda manya ke amfani da kalmar don rufe baki. A zo gaisuwa, a ce mamatan sun yi shahada, a yi haƙuri, shi ke nan an tashi. Masu Mauludin da jirgin soja ya hallaka a Tudun Biri ranar 3 ga Disamban 2023, muna roƙon Allah ya karɓi shahadarsu. Wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne. Jininsu kuwa haƙƙi ne a wuyan masu rai.

Malamanmu na Tudun Wada, idan kun hau mumbari kun yi wa mamata addu'ar shahada, ku haɗa da tambayar wanda ya kashe su da inda shari'arsa ta kwana.