Hoton Kango Yana Bukatar Isnadi

A 'yan shekarun nan an sami wasu samari da suka riƙi abubuwa biyu a matsayin abin ɗebe kewa: wasu suna jera haruffa da ɗigo da alamomin da ke kan madannan waya ko kwamfuta har surar masallaci ko jinjirin wata ta fito, su aika wa 'yan'uwa ranar Salla, wasu kuma suna saɓa na'urar ɗaukar hoto su bi lungunan birni da ƙauyuka suna neman kangwaye da kufai. Dattawa da yawa suna kallon duka biyun a matsayin lahawu da ɓata lokaci, amma ni a ganina, idan aka yi musu adalci, akwai alheri a cikinsu, musamman na biyun, muddin an cika wani sharaɗi da galibin masu yinsa suka yi sakaci da shi.

Zane da haruffa ba sabon abu ba ne, domin tun shekarar 1898 wata mata a Ingila ta fitar da surar malam-buɗe-littafi da keken rubutu, tun ba a san kwamfuta ba. Mu kuwa nan ƙasar muna da abin da ya girme shi nesa, wato zayyana, wadda alarammomi ke ƙawata allon sauka da rubu'in Alƙur'ani da ita, da tawada da alƙalamin gamba da haƙuri mai yawa. Abin da zan ce wa masu wannan wasa kaɗan ne: tunda dai kun iya jera ɗigo a layi har ya ba da siffa, ku gwada dagi, ku gwada zanko da bakan gizo, ku bar kwaikwayon surorin da ba ku san asalinsu ba.

Batun hoton gine-gine ne ya fi nauyi, kuma Ƙofar Mata ta birnin Kano ce wurin da ya fi dacewa a fahimce shi. Kowa ya san marinar da ke can, wadda aka ce an kafa ta a 1498, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma baƙi ba sa gajiya da ɗaukar hoton marina zaune a bakin rami, hannuwansu sun yi shuɗi har gwiwa. Sai dai kaɗan ne daga cikin masu ɗaukar hoton suka san cewa wannan rami yana da alaƙa da soron da ke rushewa a bayan unguwa, domin idan baba ya mutu, laka da tokar da suka kwanta a gindin ramin, waɗanda ake kira katsi, akan kwashe su a ƙona a daka, a gauraya da gashin da majema suka kankare daga fata da kuma ruwan dafara, a sami laso, kuma da lason nan ake shafe rufin soro da bango don kada ruwan damina ya ratsa. Ke nan marini da majemi da magini sana'a guda suke riƙe da ita ta fuskoki uku, kuma da ramuka suka ragu, katsi ya yi wuya, sai masu sanin haɗin suka tsufa babu magaji. Wanda ya ɗauki hoton tsagewar bango bai san wannan ba, ƙasa kawai ya ɗauka.

Ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, Rumfa ya faɗaɗa ta, an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2007, amma duk da haka kowa yana gani da idonsa yadda ruwa ya zaizaye ta, masu ɗiban ƙasa suka ci gefenta, gine-gine suka hau kanta. Idan haka halin badala yake, alhali tana da suna a duniya, to ina ga zauren wani dagaci a ƙauyen ƙasar Kura ko Rano, wanda 'ya'yansa suka koma birni, magada suka kasa daidaitawa kan rabon gado, aka daina yi masa yaɓe shekara-shekara, gara ta ci azara, ɗaurin guga ya rufta a damina guda? Ginin tubali yana rayuwa ne da kulawa, kuma siminti da kwanon rufi sun sa mutane sun ɗauke kai daga gare shi. Ba na zargin talaka da ya zaɓi abin da ba zai riƙa gyara kowace shekara ba. Ina dai cewa abin da zai gushe ya cancanci a adana labarinsa kafin ya gushe.

Sharaɗin da na ambata shi ne isnadi. Malaman hadisi ba su karɓar matani, kome daɗin lafazinsa, sai sun san wanda ya ruwaito shi da wanda ya ji daga gare shi, kuma haka ya kamata mai ɗaukar hoton kango ya yi: ya rubuta sunan gari da unguwa, da ranar da ya ɗauka, ya nemi dattijon da ya san gidan ya tambaye shi wane magini ne ya gina shi, a zamanin wane sarki ko hakimi, da makuba aka shafe shi ko da laso, kuma me ya sa aka bar shi. Mun san sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, domin an sami waɗanda suka riƙe sunan. Magina nawa ne masu irin hikimarsa suka shuɗe ba a ambace su ba? Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, har yau ana komawa ga abin da ya rubuta, saboda ya ƙayyade wuri da lokaci da suna. Hoton da aka watsa a Facebook da kalmar ta'ajibi kawai a ƙarƙashinsa, bayan shekara goma babu mai iya cewa na Bebeji ne ko na Gaya.

Ta fuskar shari'a kuwa, saɓanin da malamai suka yi a kan sura ya shafi abu mai rai, bango da zayyana ba su cikinsa. Abin da ya rage shi ne ladabi, domin kango yana da masu shi ko da babu kowa a ciki: a yi sallama ga mai unguwa, a nemi izinin magada, kada a cire ƙyaure ko wani abu da sunan tsaraba, kuma kada a shiga ƙarƙashin rufin da ya jiƙa, don tsoron rushewa da macizai.

Ina roƙon Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da Jami'ar Bayero, su buɗe wa waɗannan samari ƙofa su karɓi hotunansu tare da bayanansu su adana. Ku kuma samari, kafin damina mai zuwa, ku je wurin tsofaffin magina da marinan Ƙofar Mata da takarda da alƙalami, ku rubuta yadda ake haɗa laso daga bakin waɗanda suka haɗa shi da hannunsu.