A Haɗa Masana Ruwa da Masana Rayuwar Jama'a a Kan Fadamar Haɗejiya

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan fadamar Haɗejiya da Nguru.

Da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, injiniyoyi sun auna ruwa da ƙasa, amma lissafin bai kai ga masunci da makiyayi da mai noman shinkafa da ke jiran ambaliyar damina ba. Ruwan da a da yake zuwa fadamar da damina ya janye, yanzu ana sakinsa har da rani, sai ciyawar kachalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya ratsawa, tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya yana cinye hatsin mutane.

Ga sauyin yanayi ya ƙara rikita damina. Masanin ruwa zai iya faɗin yawan abin da za a saki. Amma wa ke da haƙƙin wace fadama, wane wata Fulani ke saukowa da shanu, yaya bulama ke raba gona idan ruwa ya ja? Wannan aikin masana zamantakewa ne, da dattawan garuruwan.

Ina kira ga jami'o'inmu da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are su zaunar da ɓangarorin nan wuri ɗaya kafin a tsara sakin ruwan bana.

Naku,
Mai karatu daga Haɗejiya