Kifi na cin kifi, mu kuma muna biyan dala

Duk ɗalibin da ya taɓa ajiye tankin roba a bayan gida ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, da niyyar samun na kashewa kafin a gama karatu, ya san inda kuɗin ke zurarewa. A buhun abinci yake tafiya. Masu kiwon kifi na lissafa cewa abinci kaɗai na cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da ake kashewa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, buhun ya yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa suka kwashe ruwan tankunansu suka haƙura.

Abin da ke tsadar da shi garin kifi ne. Ana kama ƙananan kifayen teku, irin waɗanda ƙasar Peru ta shahara da su, a busar a niƙe, a yi jigilarsu zuwa nan domin mu ciyar da tarwaɗarmu. Garin yana da kyau fa, furotin ɗinsa ya haura kashi 60, kifi kuma na son ƙamshinsa. Sai dai da dala ake sayensa, alhali ga waken suya da ƙulin gyaɗa jibge a kasuwar Dawanau.

Ra'ayina shi ne makarantarmu ta ɗauki wannan matsala a matsayin aikinta. Kuma ba ina nufin a jiƙa dusa da ƙuli-ƙuli a watsa wa kifi ba, kamar yadda wasu ke yi su dawo suna cewa "abincin gida ba ya girmar da kifi". To ina zai girma? Waken suya da aka matse mansa yana da furotin kusan kashi 45, amma ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana hanjin kifi narkar da furotin ɗin. Dole a gasa shi. Idan wutar ta yi kaɗan, sinadarin na nan. Idan ta yi yawa, ka ƙone amfanin. Ko an gasa daidai, yana da ƙarancin metiyonin, sai an ƙara masa. Ƙulin gyaɗa kuwa ya gaza a laisin da metiyonin duka, ga kuma babbar illarsa: idan ya sha danshi a ajiya yana yin fumfuna mai gubar afilatoksin, wadda ke lalata hantar kifi. Ƙulin angurya na da tasa gubar, gosifol, shi ya sa ba a cika shi da yawa.

Kun ga duk wannan aikin awo ne da gwaji. Su waye ke da ɗakin gwaje-gwaje da ma'auni da malaman da suka san kan abin? Mu ne. Amma kowace shekara ana rubuta furojet, a yi masa bango mai kyau, a jera a kanta ƙura ta rufe. Ɗalibin injiniya ya ƙera injin da ba a ƙara kunnawa bayan ranar kare aiki. Me zai hana ya ƙera na gasa wake mai ma'aunin zafi, ko na curin abinci ƙwaya-ƙwaya, 'yan kimiyyar gwaje-gwaje su auna furotin da danshi, 'yan sashen noma su gwada a tanki na wata shida su rubuta nauyin kifin kowane mako? Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a jihar Neja ta daɗe tana irin wannan bincike, ba daga tushe za mu fara ba.

Na san abin da za a ce: waken suya ma ba arha ba ne, masu kaji na nemansa, masu awara na nemansa. Gaskiya ne. Kuma tarwaɗa mai son nama ce, tana buƙatar furotin wajen kashi 40, idan aka cire mata garin kifi gaba ɗaya, musamman tana ƙarama, girmanta na ja baya. Ba na cewa a cire shi duka. A rage shi, a cike gurbin da abin da muke nomawa, a gano iyakar da kifin ke jurewa. Karfasa ma ta fi sauƙi, domin ita asali mai cin tsirrai ce, furotin kashi 30 ya ishe ta, amma mun bi mun nace wa tarwaɗa kamar ita kaɗai ce kifi.

Shugabannin ƙungiyar ɗalibai, a zama na gaba da hukumar makaranta, bayan maganar ruwa da wutar hostel, ku saka wannan: tankuna huɗu da ƙaramin injin haɗa abinci, kuma sakamakon gwajin a liƙa shi a allon sanarwa inda duk mai shirin kiwo zai karanta.